Baffa Isiyaku da 'Yan Dako Tara

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Baffa Isiyaku a Garwa ya san ƙwaryar nan da ke bakin ƙofa. Ko kai wane ne, sai ka jefa wayarka ciki ya rufe da faifai, sannan ya ce maka bismillah. A saman ƙofar ya sa an rubuta haramcin ɗaukar hoto da faransanci, shi da ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne, mahauci tun ƙuruciya. Da ƙarfi ya tafi sai ya ajiye wuƙa, ya koma gadin zauren da ya cika da kayan yaƙin Jamus: hular kwano, kwanson harsashin igwa da aka tono a gona kusa da kogin Binuwai, da wani tsohon hoto guda ɗaya. Lantarki kuwa ya ce ba za a sa ba. Daga hantsi zuwa azahar yake buɗewa, wai rana ba ta aiko da takardar biya.

Kun san rigimar gidanmu. Kakansa na wajen uba Jamus ya yi wa dako, na wajen uwa kuma daga Yola ya zo cikin sojan Ingila da suka yi wa garin ƙawanya. Har gobe dangin nan biyu, in aka haɗu wajen suna, sai an yi musun kakan wa ya ci amana. Baffa ya ɗauko igiyar dakon wancan da ɗamarar wannan ya jera su kan tabarma ɗaya. Goggo Hajara, ta dangin uwarsa, in ta zo sai ta ɗaga ɗamarar ta rataye a ƙusa, tana fita ya sauke. Shekara da shekaru suna haka, ba wanda ya ce da wani uffan. Wani malamin makaranta daga Domayo ya taɓa matsa masa ya faɗi ɓangaren da ke da gaskiya. Baffa ya dube shi ya ce, "Shekara hamsin ina fawa, ban taɓa jin bijimi ya tambayi wuƙar wa ce ba."

Ni kaina ban san dalilin dokar hoton ba sai ranar da wani babban ma'aikaci ya zo daga Yawunde, yana son ya ɗauki tsohon hoton nan da kyamara a kafa a babban gidan tarihi. Baturen Jamus ne a ciki bisa doki, da 'yan dako tara a tsaye bayansa. Baffa ya juya bayan hoton ya ce ya karanta. Akwai sunan Baturen, akwai sunan dokin, mutum taran nan ko ɗaya babu. Ashe duk yawon sayen shanun da ya yi, Maga, Marwa, ƙauyukan da ba mota, da hoton a aljihu yake tafiya yana tambayar tsofaffi, har ya haɗa suna takwas. Na uku daga hagu kakansa ne.

"An ɗauke su sau ɗaya an bar su ba suna," in ji shi. "Mai son na biyu sai ya haddace sunayensu."

Mutumin ya gwada, ya sarƙe a na huɗu. Bayan kwana biyu ya dawo da sunayen rubuce a tafin hannu. Baffa ya miƙa masa buta, ya ce a zauren nan da wankakken hannu ake gaisawa.

Na tara ne ya hana shi sakat. Sai wata Laraba, ina wurin, wata matar aure ta shigo riƙe da kakarta, tsohuwa tukuf daga Kayele, sun zo asibiti aka ba su labarin zauren. Tsohuwar ba ta jin Hausa, da Fulatanci suka gaisa. Ta kai hoton bakin taga ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa kan na ƙarshe, mai yankakken kunne. Mahaifinta ne, ta ce, Jonwe. Da tsufansa ta san shi, ba ta taɓa ganin ƙuruciyarsa ba.

Baffa ya cire hula, ya miƙe tsaye, ya jero taran daga farko har ƙarshe. Tsikar jikina ta tashi. Jikar na share hawaye ta roƙi a bar ta ta ɗauki hoton. Duk mun ɗauka an gama, sai ya ce ɗaya ta kawo, saura takwas. Haka baiwar Allahn nan ta zauna tana biyawa kamar 'yar makaranta har la'asar, Baffa bai rufe zauren ba, ya aika aka sayo musu kilishi da kuɗinsa, abin da ko mu bai taɓa yi wa ba. Ita kaɗai ta taɓa fita da hoto daga zauren.

Da daminar da ta biyo baya ya rasu. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa kabari, Ya kira shi da sunansa cikin bayinsa na gari. Amin.