Na Raba Baba da Tabarmarsa

A shekarun baya ni magini ne a nan Sabha ta ƙasar Libiya, aiki na tafiya, ga ni da zafin kai. Mahaifina tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a garinmu Tanut. Bayan rasuwar innarmu shi ya tsara zamansa da kansa. Daga fanshonsa yake ba matar maƙwabcinmu cefane tana dafa masa, da la'asar kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗora shayi, tsoffin ɗalibansa su kewaye shi. Sai wani ɗan garinmu ya zo ya ce mini ana ta magana, wai ɗa yana Libiya amma bare ke ciyar da uban. Maganar ta ci mini rai.

Na matsa wa Baba ya dawo wurina. Ya ce shi lafiyarsa lau, ya kuma tuna mini ba a ci gaba da biyan fansho sai mutum ya riƙa zuwa da ƙafarsa ana ganin yana raye. Na ce fanshon me, ai ni zan riƙe shi. A ƙarshe ya biyo ni don kada ya kunyata ni.

Hanyar Sahara ta karya shi, har yau ƙafafunsa ba su dawo daidai ba. Ba shi da takardun zama, don haka ba na barinsa ya leƙa waje saboda 'yan sanda. In na tafi aiki garin Samnu, a ɗaki yake wuni shi da bango. Fansho kuwa an tsayar. Mutumin da ya saba ba wasu shayi, yau sukari sai ya roƙe ni, yana sunkuyar da kai. Na so in mayar da shi, likita ya ce jikinsa ba zai sake ɗaukar hanyar ba.

Wallahi baƙin cikin nan ba ya barina. Na gane ba tuwo kaɗai ke riƙe tsoho ba, har da abin hannunsa da mutanensa. 'Yan'uwa, kafin ku ɗauko iyayenku don gudun bakin mutane, ku saurari abin da su suke so. Jiya Baba ya ce mini a gida ko gwamnati takan so ta san yana raye, a nan kuwa ba mai tambaya.