Yatsu Huɗu da Suka Ɓace a Jikin Bel

A layinmu babu mai kiransa da sunan yanka. Taɓa-ka-ji ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mutum ne da ba ya iya wuce abu bai kai masa hannu ba. In ya zo gaishe ka, kafin ya amsa lafiya lau ya riga ya girgiza ƙyauren ƙofarka, ya shaida maka ƙusa biyu sun saki. In ka ba shi kujera ba zama zai yi ba, kife ta zai yi ya duba ƙafafunta. Matarsa ta rantse shekara talatin da aurensu ba ta taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba.

A kamfanin gishiri yake aiki, can bayan tashar manyan motoci. A ciki akwai wani dogon bel na baƙar roba, faɗinsa kamar tabarma, da ke ɗaukar buhuna daga inda ake ɗinke bakinsu, ya hau da su sama kamar mai hawa tudu, ya sauke su a sito. Kula da wannan bel shi ne aikin Taɓa-ka-ji. Biyu ya riga ya yi wa jana'iza, wannan na uku ne, kuma yana maganarsa kamar ɗan da ya haifa.

Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: guntun alli da kwalin ashana. Kullum da safe kafin a kunna inji, sai ya bi bel ɗin daga gindi har kai yana shafawa. In ya tarar da tsaga, ya ja alli a ƙarshenta. Gobe in tsagar ta haye allin, to tafiya take yi. Sai ya zura tsinken ashana. In kan ashanar kawai ya shiga, fatar sama ce, babu damuwa. In rabi ya nutse, ciwo ya kai ga zaren ciki. Da an kunna kuma, sai ya karkata kai kamar kazar da ta ji shaho, yana sauraron mahaɗin bel ɗin, wato inda aka haɗe bakinsa biyu, duk lokacin da ya bi ta kan rola, ƙarfen nan da ke juya bel ɗin.

Saura kwana biyar ya yi ritaya zama ya gagare shi gaba ɗaya. Mahaɗin da ya saba cewa ƙas sau ɗaya ya koma ƙas-ƙas. Bel ɗin ya fara zamewa hagu kamar bugagge. Notunan da ake ja a ɗaure shi sun kai ƙarshe, babu sauran wurin ja. Wajen babbar rola kuma wani ƙauri na tashi, irin na robar da ta sha wuya.

Abin da ya fi cin ransa shi ne wanda ke tsaye a ƙarƙashin hawan. Mijin 'yarsa ne, wanda ake kira Tsaf-tsaf, saboda ko tsintsiya ya ajiye sai ya daidaita mata baki. Aikinsa share gishirin da ya zube da gyara buhun da ya karkace. In bel ya tsinke yana ɗauke da kaya, buhu talatin ne za su gangaro a kansa, kowanne nauyin babban mutum.

Ranar Litinin ya tare Injiniya a bakin ofis. Budurwa ce mai gilashi, ba ta daɗe da zuwa ba, ba ta da raini amma ba ta motsi sai da takarda.

"Ranki ya daɗe, bel ɗin nan ya gama. A sauya shi."

"Baba, ina kwana tukuna."

"Lafiya lau. A sauya shi."

Ta yi dariya, ta latsa kwamfutarta. "Nan an rubuta sai baɗi. Kuma jiya na duba shi da kaina. Tsohon bel gefensa gemu yake yi, zare buzu-buzu. Wannan kuwa sumul, kamar yau aka kwance shi daga leda."

"Tari yake yi."

"Baba, ba zan shiga wurin manaja in ce a tsayar da aiki kwana biyu don bel yana tari ba. Kawo min abin da ido zai gani."

Nan ta ɗaure shi, don gaskiya ta faɗa. Shi ma abin ya daɗe yana ɗaure masa kai. Kunnensa ya ce tsoho, hancinsa ya ce tsoho, ashana ta ce tsoho, amma gefen bel ɗin fes, ko silin zare babu. Tsoho tukuf da haɓar jariri.

Ranar ya dawo gida kamar an zuba masa tururuwa a wando. Ya zauna, ya miƙe. Ya fita ƙofar gida, ya dawo. Ya girgiza randar ruwa, ya ƙwanƙwasa bango.

"Malam, don girman Allah ka zauna," in ji matarsa. "Kana sa ni jiri."

"Yaron nan yana ƙarƙashinsa."

"Wane yaro?"

"Mijin 'yarki."

"Au, yau 'yata ce ni kaɗai? To ka ce masa ya matsa mana."

"In ya matsa a sa wani. Shi wanin ba shi da uwa?"

Can ta ce, "To likitan roba, kwana huɗu ya rage maka. Ko za ka tafi da shi gida ne ka yi jinyarsa?"

Talata ma haka ta wuce. Ya yi sawu ya fi ashirin tsakanin gindin bel da kansa, allinsa ya ƙare har ya aro na mai gadi. Duk wucewa sai ya ce wa surukinsa, "Kai, ɗan ja baya." Tsaf-tsaf ya rusuna ya ce, "To, Baba," ya ja baya taku ɗaya, da Baba ya wuce ya koma inda yake, don akwai gishiri a ƙasa kuma ba zai iya kallonsa ba.

Da yamma yana wanke ƙafa abin ya faɗo masa. Ya yi cilli da buta.

"Ina igiyata?"

"Wace igiya?"

"Fara, mai ƙulli biyu! Ranar da aka ɗaura bel ɗin nan na auna faɗinsa da ita, shekara shida ke nan. Na ce ki adana."

"Shekara shida? Malam, abin da na dafa shekaranjiya ma na manta."

Wanda bai ga gidan nan a ranar ba bai ga kallo ba. Aka fito da akwatuna tsakar gida. Aka ɗaga katifa. Ya zazzage buhun tsummokara, ya leƙa cikin tukwane, har bayan kejin kaji ya shiga da rarrafe ya fito da gashin kaza a ƙeya. Maƙwabta muka jeru a kan katanga muna ba da shawara. Wani ya ce a duba aljihunsa, wata ta ce a duba cikin kansa. Sai da ya gaji ya tsaya a ƙofar ɗaki yana haki, ya kai hannu ya dafa labule kamar yadda ya saba dafa komai, sai ya ji ƙulli a ƙarƙashin yatsansa. Shekara shida igiyar na riƙe da labulen ɗakinsa, yana wucewa ta ƙarƙashinta safe da yamma. Ya fizge ta, labule ya rufto wa matarsa a ka.

Laraba ya yi sammako, ko mai gadi bai gama karin kumallo ba. Yana shiga ya ji wani ɗan sauti, ƙyat, ƙyat, daga gindin hawan. Ya leƙa. Ga surukinsa durƙushe, reza a hannu, yana bin gefen bel a hankali yana aske duk zaren da ya leƙo, har da ɗan harshe a waje irin na mai aikin da yake so.

Taɓa-ka-ji ya tsaya cak. Wannan ne karo na farko da aka gan shi tsaye wuri ɗaya.

"Kai. Me kake yi?"

Reza ta faɗi. Tsaf-tsaf ya sunkuyar da kai. "Ina kwana, Baba."

"Ban kwana ba. Me kake yi?"

"Gani na yi zare na fitowa, Baba. Na ce kada manya su wuce su ce ba kwa kula da shi. Shi ne nake ɗan gyara muku kafin ku iso."

"Tun yaushe?"

"Bai fi shekara biyu ba."

"Shekara biyu kana yi wa mara lafiya kwalliya! Ni ina neman gemu, ashe wanzami na ajiye a gida. Kai da kake kwana a ƙarƙashinsa!"

"Tsayuwa nake yi, Baba."

"Rufe min baki. Kama nan."

Ya ba shi ƙulli ɗaya ya dafe a gefen bel, shi ya ja igiyar zuwa ɗaya gefen. Ƙulli na biyu ya wuce roba ya tsaya a iska. Ya jera yatsunsa a tsakani. Huɗu cif.

A haka Injiniya ta same su, suruki da suruki a durƙushe, igiya a tsakaninsu. Bai ce mata ina kwana ba, ita ma ba ta nema ba. Ya nuna ƙullin, ya nuna yatsunsa. Ta ciro abin awonta ta auna, ta duba kwamfuta, ta sake aunawa.

"Ina sauran ya tafi?"

Taɓa-ka-ji ya nuna surukinsa da haɓa. Shi kuwa bawan Allah, da yake ba ya iya zubar da shara a inda bai dace ba, ya je bayan ginshiƙi ya jawo buhu guda cike taf da zare da ɓarɓashin roba, an ɗaure bakinsa da kyau. Gemun shekara biyu ke nan, ba a yar da ko sili ba.

Injiniya ta cire gilashi ta goge. Ta ce, "Baba, ba ni ashanar nan taku." Suka je wurin mahaɗin. Ta zura tsinken da hannunta. Ya shige duka, har ta nemi ƙarshensa ta rasa.

Ta je ta rataya kwaɗo a jikin makunnin injin, ta jefa makullin a jakarta, ta ɗauki buhun gemun da kanta ta nufi ofishin manaja. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Kai kuma, kada in sake ganinka a ƙarƙashin nan sai na ce."

Kwana biyu ana jigilar gishiri a baro, ma'aikata na tsine wa reza da wanda ya ƙera ta. Ranar Juma'a, ranarsa ta ƙarshe, aka kawo sabo. Da aka zo cire tsohon, ba a ma nemi wuƙa a mahaɗin ba. Mutum biyu suka ja, ya rabu kamar tsohon zane. Tsaf-tsaf ya dubi wurin, ya ɗaga kai ya dubi hawan da buhuna ke bi, sai ya nemi wuri ya zauna a kan gishirin da bai share ba.

Kafin a kunna, Taɓa-ka-ji ya auna sabon bel da sabuwar igiya, ya ƙulla ƙulli biyu, ya damƙa wa surukinsa tare da ragowar alli.

"In ya yi gemu, ka bar masa abinsa. Kuma kada ka ba 'yata ajiyar wannan. Halin uwarta ne da ita."

Yanzu wata uku ke nan da ritayarsa, kuma har yau bai zauna ba. Guntun tsohon bel ɗin na shimfiɗe a ƙofar ɗakinsa ana goge ƙafa, da layin alli a jikinsa, wai yana so ya ga ko tsagar za ta ci gaba. Ƙofofin layinmu kuwa babu wadda ba ta sha girgiza ba. Da yamma in ma'aikata sun taso, za ka gan shi a bakin layi yana kai da kawowa. Da surukinsa ya ɓullo zai rusuna ya ce, "Barka da yamma, Baba." Shi kuma sai ya ce, "Yawwa. Sau nawa ya ce ƙas?" Yana tambaya, hannunsa na cikin aljihun mutumin yana laluben reza.