Ƙunshi Mai Lamba Arba'in

Duk wanda ya taɓa zama a teburin wasan labari a garin Ballarat ya san Noeleen Trezise, kuma da wuya a samu wanda ba ta taɓa ƙaryatawa ba. Shagonta yana bayan tashar jirgin ƙasa, ɗan tsukukun wuri ne, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje sanyi yana cin kunnensa. Hajarta 'yan mutum-mutumi ne na dalma da na roba, mafi yawansu ba su kai tsawon babban yatsa ba: jarumai, mayu, 'yan fashi, dodanni. Ba ɗaiɗai take sayarwa ba. Littafin wasa na fitowa za ta karanta shi sau biyu da fensir a hannu, ta tattara duk wani mahaluƙi da za a ci karo da shi a ciki, ta shafe su da fenti, ta cika kwali guda da ya dace da wannan littafin daga bango zuwa bango.

A wasan nan mutum ɗaya ne ke riƙe da littafi yana jan labari, sauran biyar ko shida kowa da jaruminsa, ba su san abin da ke bayan ƙofa ba sai sun buɗe. Nan ne daɗin yake. To ka ga kuwa kwalin Noeleen tonon asiri ne tsagwaronsa. Wanda ya leƙa ciki ya gama sanin wa zai ci amana, wa ke jira a ƙarshen hanya.

Ba da wannan ilimin ta fara ba. Shekara goma sha takwas ta yi tana haɗa haƙoran roba a bayan ofishin wani likitan haƙori, a can ta samu ido da haƙuri. Da ta buɗe shago, murna ta ɗebe ta, ta jera kwalinta na farko kaf a taga don masu wucewa su yaba. Suka kuwa yaba. Ranar Litinin wani malamin makaranta da ya yi wata takwas yana jan wannan labarin ya shigo, bai ɗaga murya ba, ya ce mata 'yan teburinsa duka sun tsaya a tagar, ya gode. Bai sake dawowa ba. Kunyar ranar ce ta mai da ta yadda muka san ta.

Daga nan kowane mutum-mutumi sai ta naɗe shi a takardar burodi, ta ɗaure da zare, ta rubuta lamba kawai. Mai jan wasa kaɗai take sayar wa. Kuma ba da baki za ka ce kai ne ta yarda ba.

"Wa ke jan wasan?"

"Ni."

"Wane ne a cikin rijiya a babi na biyu?"

Ka yi inda-inda, ga ƙofa nan. Ba ta taɓa tambaya daga ƙarshen littafi, don ta ce tambayar ma kanta tonon asiri ce. An gwada ta iya gwaji. An aiko mata matan aure, an canza murya a waya, wani ma kakarsa ya kawo da sanda. Duk ta gano su, don a kanta take riƙe da wanda ke zaune a teburin wa a faɗin garin nan. Shekara ashirin da biyu, ba teburin da ya sake lalacewa ta ƙofarta. Ba ta da miji, ba ta da 'ya'ya, wannan ne abin alfaharinta, kuma ba ta gajiya da faɗa.

Mutum ɗaya ne ba ta yi wa tambaya: Errol Vassallo, tsohon direban jirgin ƙasa. Shekara huɗu yana jan wani dogon labari mai suna Kogin Gishiri, kowace Asabar da rana, a garejinsa, da mutum biyar da ba su taɓa canzawa ba. Littafi biyar ne, sun ci huɗu. Tun daga na farko akwai wani tsoho mai fito, mai malafa da filafili, shi ke tsallakar da jaruman, shi ke ɓoye su, shi ke yi musu addu'a. 'Yan teburin suna sonsa kamar kakansu. A shafin ƙarshe na littafi na biyar ne ake gane shi ne ya kitsa duk masifar da ta same su. Mutum-mutuminsa na ƙarshe shi ne lamba arba'in: malafar nan, filafilin nan, amma da kambin ƙashi a ka da farata zaƙo-zaƙo. Kallo ɗaya ya isa.

"Noeleen," Errol yakan ce yana jingine da kantar shagon, "shekara huɗu ina haɗiye dariya. Ba abin da nake so a duniyar nan irin in ɗora shi a tebur in ga fuskokinsu. Fuskokin kawai. Daƙiƙa biyar ce, ba ta maimaituwa."

Kwana uku ta yi tana fentin lamba arba'in da ƙofa a kulle.

Wata Alhamis da safe, a tsakiyar sanyin Yuli, lokacin hunturun garin, sai ga Con Stavrou ya turo ƙofa. Con mai shagon soyayyen kifi da dankali ne, ɗan teburin Errol, kuma gari ya shaida mai leƙe ne. Sau biyu ana kama shi ya yar da ɗan ludonsa da gangan don ya sunkuya ya leƙa bayan kwalin da Errol ke kange littafi da shi. Ganinsa kawai, Noeleen ta ja mayafin teburin aikinta ta rufe.

"An tashi lafiya, sarauniyar zargi?"

"Lafiya lau, kafin ka shigo. Fenti ko buroshi?"

"Kwalin littafi na biyar. Errol ne ya aiko ni."

Ta sauke tabarau ta dube shi sama da ƙasa. "Errol ya aiko ka. Kai. Duk Ballarat an rasa ɗan aike sai kai."

"Na rantse da Allah, Noeleen."

"Ƙafarsa ce ta karye?"

Con ya sosa ƙeya, ya kalli rufi. "Ya ce kada in faɗa miki."

"Ai fa. Dole ya ce kada ka faɗa."

Ta ɗauki waya a gabansa ta kira Errol. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake, shiru. Con kuwa ko gezau, har wata ajiyar zuciya ya yi. Wannan ya ƙara mata tabbaci: ashe ya san ba za a ɗauka ba, ya zaɓi lokacinsa.

"Yi mini tambayar taki mana," in ji shi.

Ta yi niyyar kunyata shi. "Me ke cikin jirgin da ya kife a babi na ɗaya?"

"Akwatin gishiri, da yarinya a ciki tana barci."

"Wa ke gadin gada a babi na uku?"

"'Yan'uwa biyu, ɗaya makaho."

Ba kuskure ko ɗaya. Wato abin ya wuce leƙe, ɗan banzan nan ya samu littafin Errol ya karanta farkonsa, wataƙila tsohon yana bayi, yanzu kuma ƙarshen yake nema ta hannunta. Kuma wa bai san bakin Con ba? Kafin Asabar duk wanda ya sayi kifi ya ji labari. Idan ta kore shi, zai nema ta wata hanya. Sai wata dabara ta zo mata, har ta ji daɗin kanta.

"To, ka ci jarrabawa. Jira ni."

Ta shiga ciki ta cire lamba arba'in ta jefa a aljihun rigar sanyinta. Ta ɗauko wani dodo mai fukafukai na gama-gari, ta naɗe, ta ɗaure, ta rubuta arba'in. Je ka buɗe, ka yi ta yaɗa ƙarya. In Errol ya waiwayo, ta ba shi na gaske hannu da hannu.

Con ya rungumi kwalin kamar jariri. A bakin ƙofa ya juyo, idonsa ya yi ja. "Na gode, Noeleen. Ba ki san abin da kika yi ba."

Har da hawayen ƙarya! Ta bi shi da harara har ya sha kwana.

Juma'a ta kira Errol sau huɗu, shiru. Abin ya ɗan tsaya mata a rai, amma sai ta ce ƙila Con ne ya yi wata manaƙisa da wayar. Haka zargi yake, komai ya zo sai ya samu wurin zama a cikinsa.

Asabar, ƙarfe uku da rabi, wayar shago ta yi ƙara. Dolores ce, matar Errol, muryarta a dushe.

"Noeleen, ya ce kada a gaya miki, ba ya so ki gan shi baki a karkace. Amma raina bai kwanta ba in ban gode miki ba. Kwana goma ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Maganar ma da ƙyar."

Noeleen ta dafa kantar shagon.

"Ba zai iya jan wasan ba," Dolores ta ci gaba. "Con ne ya karɓa. Ya karanta littafin kaf, ya haƙura da jaruminsa na shekara huɗu, don dai a ƙarasa Errol yana gani. Suna asibiti, a ɗakin hutun marasa lafiya, tun ƙarfe biyu. An zaunar da shi a ƙarshen tebur inda zai ga kowa. Con ya ce bai kwance ko ƙunshi ɗaya ba, na ƙarshen Errol ne zai buɗe da hannunsa mai lafiya."

Wayyo Allah. Tsohon nan zai yi fama da zare da hannu ɗaya, gaban mutanensa, ya fito da dodon banza mai fukafukai.

Ba ta ko ajiye wayar daidai ba. Ta bar shago a buɗe, ita da ke kulle ƙofa in za ta sha shayi. Duk hanya hannunta ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na cikin aljihu tana damƙe da mai fito. Ta sami wurin ajiye mota da ƙyar, ta haura bene biyu da ƙafa, matar da ta ba sittin baya, tana haki, ba abin da ke kanta sai kada ta makara.

Ba ta makara ba. Da sauran kusan awa guda a kai ƙarshe.

Ta banko ƙofar ɗakin. "Con! Kada a buɗe arba'in, na bogi ne! Ga na gasken!"

Hannunta a miƙe yake, tafi a buɗe. Sai a lokacin ta ga abin da ta yi. Babu takarda, babu zare. Malafa, filafili, kambin ƙashi, fentin da ta kwana uku a kai yana ta sheƙi a hasken fitila.

Mutum huɗun nan duk sun waiwayo gare ta. Ta ga baki ya buɗe, ta ga wata ta dafe ƙirji, ta ji wani ya ce, "Kai! Ba dai tsoho ba?" Ta ga ɓacin rai da dariya da rashin yarda sun gauraye a fuska huɗu lokaci guda. Daidai yadda Errol ya faɗa, daƙiƙa biyar ce. Ita ta gan su duka.

Errol yana can ƙarshen tebur a keken marasa lafiya, bargo a cinya. Ƙeyoyinsu kawai yake gani.

Con ya rufe littafin a hankali. Errol ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bubbuga tebur, bakinsa yana kokawa da kalmomi.

"Ku... juyo. In gani."

Suka juya da sauri. Mutanen kirki ne, kowa ya zaro ido, ya buɗe baki, ya yi iya ƙoƙarinsa. Errol ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu yana karanta fuskokin nan, ya san ta gaske, ya san ta tausayi. Ya gyaɗa kai kamar ya gode, sannan ya ɗago ya dubi Noeleen da ke tsaye a ƙofa, hannunta har yanzu a buɗe.

"Ke... kin gani?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To zo," ya ce. "Gaya mini... yadda suka yi."