Kuɗin Maraɗi a Cikin Akumarin Jaki

Jama'a, yau a kasuwar Rogo kuɗina ne suka sa ni amai!

Ƙanena Sale yana ɗinki a Maraɗi, ƙasar da Faransa ke mulka. Ya ce zai aiko min kuɗin irin gyaɗa, in zaɓi wanda zai kawo. Wani falke na Ƙaraye yana cire sule a kowace fam, amma sulallan ƙasarmu yake damƙa maka a hannu. Audu mai jaki, mutumin Zoza, ya ce sisi ya ishe shi, sai dai kuɗin Faransa zai kawo in canja da kaina. Na ga araha, na zaɓi Audu.

Yau ya iso. Bayan mun gaisa na ce, "Malam Audu, ina saƙon?"

Ya ce, "Yana cikin akumari. Ɗinke shi na yi saboda masu bincike a kan iyaka."

Ashe jakin gyambo gare shi a gadon baya. Kwana goma takardun nan suna shan gumi da ruwan miki. Yana farke ɗinkin, ƙudaje suka riga ni.

A kan ganye na kai wa mai canji. Ya sa tsinke ya juya su, ya ce, "Da da tsabta, fam biyu ce. A haka fam ɗaya. Kuma don Allah ja da baya."

Ga ruwa ya sauka, ga rabin iri ya tafi. Duk da haka na miƙa wa Audu sisin ladansa.

Ya duba ya ce, "Saura taro, Malam. Ai sai an sake ɗinke akumarin."