Na Daka Irin Shuka Saboda Kwanukan Jere

Edita, ina yi maka sallama. Ni tsohuwa ce yanzu, amma abin da zan faɗa ya same ni ne ina da ƙuruciya, zamanin da Nasara ke mulki, ana biyan haraji da kuɗin gyaɗa. Daga Sukuntuni aka kai ni aure Mawashi, gidan wani manomi mai haƙuri wanda bai da komai sai gona ɗaya da ƙarfin jikinsa. A shekarar da nake magana muna da yara biyu, babbar tana tafiya, ƙaramin yana goye.

Bayan kaka, da aka sayar da gyaɗa aka biya haraji, bai rage mana ko sule ba. Sai maigidana ya yanke shawarar tafiya cin rani wurin haƙar kuza a Jos. A garinmu mace ba ta shiga rumbu, miji ke ɗebo mata. Shi kuwa ya kira ni ya ce ya yarda da ni, ya nuna mini damman gero da dawa, ya ce in na riƙe mudu guda kowace rana zai kai mu har sabon hatsi. Ya kuma nuna mini wani tulu da ya liƙe bakinsa da laka. Ya ce irin shuka ne na geron mahaifinsa, mai saurin nuna, ko mi za a yi kada in taɓa shi.

Wata biyu na riƙe amana. Ran nan aka yi suna a maƙwabta, mata suka leƙo ɗakina shan ruwa, wata ta yi dariya ta ce ashe har yanzu akwai ɗakin da babu komai cikinsa sai ƙwarya da akushi. Lokacin kwanukan kanti masu fure sun fara shigowa, kowace amarya tana jera su. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da dillaliya ta zo da su daga Kankia, na ce mata ba ni da kuɗi, ta ce ai hatsi ma kuɗi ne, kuma dami ɗaya ba ya rage rumbu. Na ba ta dami ɗaya. Ta dawo da wani mai murfi, na ba ta biyu. Duk sanda na ɗeba sai in ce wa kaina zan rage tuwon dare in cike gurbin, ban kuwa taɓa ragewa ba.

Kafin bazara ta yi nisa na ga ƙasan rumbu. Kunya ta hana ni zuwa gidanmu, ta hana ni faɗa wa kowa. Na tankaɗe dusa na dama, na yi kwana uku a haka, har nonona ya fara ɗaukewa, yaro yana ta kuka. Rana ta huɗu na fasa lakar tulun nan. Na ce mudu ɗaya kawai zan ɗiba. Cikin kwana goma na dake shi duka.

Maigida ya dawo ana saura kwana biyu ruwan shuka ya sauka. Da aka yi ruwan, da sassafe ya ɗauki sungumi ya ce in miƙo masa tulu. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban ɓoye ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya jingine sungumin, ya zauna bakin ƙofa yana kallon mutane suna wucewa gona. Da ya buɗe baki, abin da ya tambaya shi ne ko yaran sun ci wani abu yau. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kuɗin da ya sha wahalar tarawa don ya sayi jaki, su ya kai kasuwar Kankia ya sayo iri da ɗan hatsi, a lokacin da mudu ya fi tsada. Na kira dillaliya ta karɓi kayanta, ta ce an riga an ci abinci a ciki, sai dai rabin abin da na bayar. Haka na sallama. Irin kasuwa bai nuna da wuri ba, muka yi damina muna cin tafasa da rama, shi kuma yana ƙodago a gonakin mutane da safe, ya yi tamu da la'asar. Yaron ya rame sosai, amma Allah ya raya shi. Geron mahaifinsa kuwa, sai da ya taka har Kaikai wurin gwaggonsa ya roƙo zangarniya biyar, ya shekara uku yana ninka su kafin su ishi gonar.

Da kaka ta zagayo zai sake tafiya, na ɗauka rumbun zai damƙa wa ƙanensa. Sai ya kira ni, ya sake damƙa mini shi, ya ce wanda ya ga ƙasan rumbu da idonsa ya fi kowa sanin zurfinsa. Daga shekarar nan hatsi bai ƙara yanke mana ba.

Abin da na koya shi ne, gidan talaka ba a rana ɗaya yake rushewa ba, da kaɗan-kaɗan ne, kuma kowane kaɗan yana zuwa da hujjarsa. Kunyar faɗin gaskiya da wuri ita ta fi ɓarnar kanta cutar da ni, don da na yi magana tun ina ganin rabin rumbu, da iyayena sun taimaka. Ina kira ga 'yan'uwana mata, har da mazan, kowa ya auna abin da ke hannunsa da kwanakin da ke gabansa. Matan da suka yi wa ɗakina dariya, ranar da ɗana ke kukan yunwa babu wadda ta leƙo da ko ludayin kunu.