Kurɓin da Nangondo Ba Ta Yi Ba

A garin Kamtedza babu mai miƙa maka ƙoƙon kunun tobwa bai fara kai shi bakinsa ba. Ko uwarka ce ta dama, sai ta kurɓa a gaban idonka, ta share bakin ƙoƙon da tafin hannu, sannan ta ba ka. Ba wai ana zargin kowa ba ne, haka aka tarar ana yi. Cire magani ake ce wa wannan kurɓi, ana faɗi ana dariya, amma ka ƙi yi ka ga yadda dariyar za ta ɗauke.

Nangondo ta yi wannan kurɓi har haƙoranta na gaba suka gaji da ita. Tana da ƙuruciya mijinta ya tafi neman aiki Afirka ta Kudu, ya aiko da bargo sau ɗaya, daga nan ko gaisuwa. Ba ta zauna jiran gawon shanu ba. Ta kafa murhu a bakin tasha, inda ƙananan motocin haya ke tsayawa, ta fara da tukunya ɗaya da benci na aro. A hankali rumfar ciyawa ta zama ɗakin jan bulo mai rufin kwano. Tuwon masara take yi da wake, da ganyen kabewa mai gyaɗa, da ƙananan kifin tabki busassu. Amma abin da ke kawo mutane shi ne tobwarta, kunun masara da tsiron tamba da take bari ya kwana har ya yi ɗan gardi. Da wannan tukunya ta raini 'ya'yanta, ta haɗa da Tiyamike, 'yar ƙanwarta da ta rasu ta bar mata.

Kada a ɗauka mace ce mai daɗin baki. Idan ka bar saura a kwano sai ta tambaye ka ko gidanku nama ake ci kullum. Idan ka ce gishiri ya yi yawa, ta nuna maka ƙofa da muciya. Duk da haka benci ba ya rabuwa da mutane, domin an yarda da hannunta, kuma a garin nan mai sayar da abinci ba ta da wani jari da ya wuce wannan yarda. Direbobi su bar mata ajiya, matan ƙauye su bar mata goyo su shiga kasuwa. Ta san haka, tana kuma taƙama da shi.

Mutum ɗaya ne ke iya mata, wato tsoho Gwedeza, makaɗin garin. Molonsa da kansa ya haɗa shi, da gwangwanin mai da wayar birkin keke, kuma babu biki ko taron siyasa da za a yi ba a kira shi ba. Danginsa ne ke haƙa kabarin dangin Nangondo, nata su haƙa na nasa, don haka akwai wasa tsakaninsu, kuma babu zagin da ya haramta. Kullum da hantsi zai jingine molo a bango ya ce mayyar tasha ta kawo abin da ta dafa. Ita kuma ta ce ga mataccen da ƙasa ta ƙi karɓa ya iso. Ta kurɓa, ta share, ta miƙa. Haka suka tsufa tare, kowa da gidansa, kuma duk garin an san ranar da bai zo ba miyar Nangondo ba ta daɗi.

Ana nan sai wata ƙungiya daga babban birni ta zo da shawarar a yi Bikin Abinci da Fasaha a filin ƙwallon makarantar firamare. Wai za a nuna wa duniya abin da Kamtedza ke da shi, kamar dā can mun ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Tiyamike, wadda ta yi karatu har ta iya magana da baƙi ba ta sunkuyar da kai ba, ita aka ɗauka ta tsara masu rumfuna, kuma aka nuna mata cewa idan abin ya yi kyau akwai aiki a birni. Ta sa uwar riƙonta a rumfa ta farko, kusa da dandamali. Nangondo ta ji daɗi ƙwarai, ko da yake ta ce ɓata lokaci ne. Har sabon zani ta saya.

Ana gobe biki Tiyamike ta zo da ƙa'idojin ƙungiya: hular raga a ka, safar roba a hannu, kofin roba a sha a yar. Nangondo ta yarda da duka tana tsaki. Sai yarinyar ta ƙara da cewa mai sayarwa ba za ta sa baki a abin da za ta ba wani ba.

"To wa zai cire maganin?" in ji Nangondo.

"Amayi," in ji Tiyamike, domin haka ake kiran uwa a nan, "babu wani magani. Baƙi ƙazanta suke ganin abin. Wuni ɗaya ne tak. Don Allah kada ki ba ni kunya a gaban mutanen nan."

Nangondo ta daɗe tana kallon ta. Yarinyar nan ba ta taɓa roƙon ta komai ba, ko takalmin makaranta. Ta ce to.

Ranar biki filin ya cika. Masu sassaƙa suka jera dorinar ruwa da giwaye na katako, irin waɗanda babu ɗan garin da zai ajiye a ɗakinsa. Masu tukwane daga ƙetaren rafi suka zo, da masu saƙar kwando, da teloli da jakunkunan atamfa. Motoci suka zo daga birni da mata masu baƙin tabarau, har da Turawa 'yan kaɗan, suna ɗaukar hoton barkono. Nangondo ta yi ciniki irin wanda ba ta taɓa yi ba. Baƙi suna karɓar kofi suna yabawa, babu wanda ya lura da wani abu ya ragu. 'Yan gari kuwa sukan ɗan yi jim, su dubi hular raga, su gane dokar mutanen birni ce, wasu su sha wasu su wuce.

Da rana ta take sai ga Gwedeza, saura kaɗan a kira shi dandamali. Ya rame a shekarar nan, kowa ya gani. Ɗamararsa har sabon rami ya huda mata. Aka yi rashin sa'a shugabar ƙungiyar tana tsaye a rumfar tare da Tiyamike, ana nuna mata yadda ake tsafta a Kamtedza. Nangondo ta cika kofi. Hannunta da kansa ya tashi zuwa baki, ya kai rabin hanya, Tiyamike ta yi gyaran murya. Sai hannun ya juya ya miƙa wa tsoho.

Gwedeza ya dubi kofin, ya dube ta.

"Yau kuma? Mayyar tasha, ashe ranar ta zo?"

"Sha ka mutu mu huta," in ji Nangondo. "Wa zai ɓata maganinsa a kan abin da ya riga ya bushe?"

Aka yi dariya. Ya shanye, ya nemi ƙari. Da ya hau dandamali kuwa, aka ba shi lasifika, abin da bai saba samu ba, sai ya mayar da zancen waƙa. Ya ce jama'a su shaida, yau Nangondo ta ba shi tobwa ba ta kurɓa ba, in an ji ya faɗi an san ƙofar da za a buga. Filin ya ɗauka da shewa. Nangondo ta ɗaga ludayi tana yi masa barazana daga rumfa, aka ƙara shewa. Ta koma gida da yamma ƙafafunta sun kumbura, zuciyarta fari ƙal.

Mako bai zagayo ba Gwedeza ya kwanta da ciwon ciki. Kafin a gama shawarar motar da za ta kai shi asibiti ya cika.

Babu wanda ya zo ya nuna ta da yatsa. Da ma an yi hakan, da ta san da wanda za ta yi. Abin da aka yi mata ya fi wannan muni: aka ƙara mata girma a gaisuwa. Mutanen da ke shigowa suna zagin miyarta suka koma tsayawa daga bakin titi suna rusunawa, Amayi an tashi lafiya, sannan su ce sun ƙoshi. Ranar jana'iza ta ɗaura zani ta tafi da muciyarta, tunda girkin makokin dangin Gwedeza hakkin danginta ne tun kakanni. Wata tsohuwa ta karɓi muciyar da ladabi ta jingine, ta ce itace ne ya yi ƙaranci, ko za ta taimaka da ɗebowa. Nangondo, wadda ta tuƙa tuwon kowace gawa a unguwar nan, ta wuni tana jan kirare. Ba ta ko samu ta yi kukan abokinta yadda take so ba, domin duk hawayen da ta zubar akwai mai auna shi.

Mutanen Kamtedza fa sun san tsohon nan ba shi da lafiya. Da idonsu suka ga yana ramewa. Amma rama ba ta da daɗin ba da labari, waƙa kuwa kowa ya haddace ta. Waɗanda suka fi kowa shewa a filin su ne suka fara cewa su tun a lokacin jikinsu ya ba su. Aka tuno mijinta da bai dawo ba. Aka tuno ƙanwarta da ta rasu. Har aka gano dalilin da tobwarta ta fi ta kowa daɗi.

Fasinjoji baƙi suka ci gaba da shiga na ɗan lokaci, har masu lodin tasha suka fara yi musu raɗa. Tobwa ta riƙa kwana tana tsami a bokiti. Tana zuba wa aladun maƙwabcinta, rannan shi ma ya aiko matarsa ta ce an gode, a bari haka. Ta koma kurɓa a bakin ƙofa, ƙoƙo guda cur, a gaban duk mai wucewa, ba tare da kowa ya ce a ba shi ba. Ta buga wa Tiyamike waya, wadda ta riga ta kama aikinta a birni. Yarinyar ta yi kuka, ta ce wannan jahilci ne, a ƙyale su za su gaji. Nangondo ba ta ga laifinta ba, amma ta ji haushin kalmar, domin da kuɗin jahilan nan ta ciyar da ita.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya wanke ta: Nasibeko, matar marigayin. Ita ta raka shi asibitin gunduma tun kafin girbi, ita ta ji abin da likita ya ce. Da kwanakin zaman makoki suka wuce, Nangondo ta dama tobwa sabuwa, ta ɗauka a ka, ta tafi da la'asar. Ta same ta a bayan ɗaki tana ɓarar gyaɗa, kanta a aske saboda takaba. Suka gaisa. Nangondo ta cika ƙoƙo ta kurɓa ta miƙa, Nasibeko ta karɓa ta shanye ba ta ko yi jim ba. Wannan kaɗai ya sa idon Nangondo ya kawo ruwa.

"Kin san ba ni ba ce."

"Na sani mana. Tun bara aka ce mana ciwo ya ci hanjinsa. Shi ya hana ni faɗa, wai kada a daina kiran sa biki."

"To ki faɗa yanzu. Ranar Lahadi, bayan coci, magana biyu kawai. Ke za su yarda da ke."

Nasibeko ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Can ta ce 'yan'uwansa ba su yarda da zancen likita ba tun farko. Sun zo daga ƙauye da niyyar sai an nemo wanda ya ci shi, kuma ƙannensa mata har sun fara tambayar abin da take zuba masa a miya. Waƙar nan ce ta juya su zuwa kan Nangondo. Gidan nan da gonar a ƙasar danginsa suke, ita kuma ba ta da inda za ta.

"In na ce ba ke ba ce, 'yar'uwa, za su tambaya to wace ce. Ke sau ɗaya kika ba shi ba ki kurɓa ba. Ni fa shekara da shekaru nake dafa masa, ba mai gani."

Nangondo ta ɗauki ƙoƙonta. Duk zagin da ta tara a rayuwarta, babu wanda ya dace da matar nan. Ta miƙe ta naɗa gammo. Nasibeko ta taimaka mata ta ɗora bokitin, ta ce tobwar ta yi daɗi kamar kullum, Allah ya saka. Sannan ta rage murya ta ce surukanta suna zaune a ƙofar gida, don Allah ta bi ta cikin rogo.