Malam Shu'aibu da Wutar Ƙarƙashin Tanki

Shekara ashirin da shida ke nan Malam Shu'aibu makanike yana riga direbobi isa tashar Madarunfa. Yakan shimfiɗa buhu, ya jera ƙarafansa, sannan ya bi kamiyoyi, manyan motocin kaya, ɗaya bayan ɗaya yana leƙa cikinsu. Bana, 1996, ciwon gwiwa ya hana shi durƙusawa, zai koma gida ya huta. Ba wanda ya shirya masa ko taron shayi. To, ni ba zan yi shiru ba.

Kowa ya san abin da ɗarin hunturu ke yi wa gazuwal, wato man dizal, na jarka, wanda ake haɗawa da abin da Allah kaɗai ya sani. Ya kwana a tanki ya yi kauri kamar kunu, matatar mai ta toshe, mota ta ƙi tashi. Maganin direbobinmu kuwa? Su tara kara ƙarƙashin tanki su ƙyasta ashana! In ka yi magana a ce maka haka aka taras.

Ramatu mai koko ta ga abin da ya faru bara, ranar kasuwar Ɗan Issa. Sani direba ya riga ya yi lodi, mata ashirin da uku a bisa da gwangwanayen man gyaɗa, sannan ya hura wutarsa. Bututun mai kuwa yana ɗiga, bai lura ba.

Malam Shu'aibu ya taho da gudu, yana ɗingishi.

"Kai Sani! Kasuwa za ka kai su ko gasa su za ka yi?"

"Haba Baba, ɗan ɗumi ne kawai. Maigidana ma haka yake yi."

"Ina motar maigidan naka yanzu?"

Ƙarfen motar na nan bakin hanyar Gabi, awaki na kwana ciki.

Da ƙafa Malam Shu'aibu ya watsar da karan, ya rufe shi da ƙasa, wandonsa na hayaƙi. Ya sauke matan, ya sungumi tukunyar ruwan zafin Ramatu.

"Malam, kokona fa?"

"Ƙanwata, yau tasha ta yi azumi."

Ya ɗaure bututun, ya naɗa tsumma jikin matatar mai yana kwarara ruwan zafi, ya ƙara ɗan kananzir a tanki. Mota ta yi tari sau biyu, ta tashi. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala.

Malam, kai ne mai kashe wutar da wasu suka hura. Ba ka taɓa zama a aji ba, amma ka fi mu da muka zauna ƙin yarda da sakarci. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba gwiwarka lafiya.

Ɗari zai dawo, shi kuma ba ya tasha. Direbobi, ku dafa ruwa. Sauranmu, duk wanda ya ga kara ƙarƙashin tanki kada ya tsaya kallo, ya sa ƙafa. Matan nan ashirin da uku, dukansu sun ci tuwo a gidajensu ran nan.